Kwandon Shara Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da biyu Yaya ta yi tana sharar ɗakunan majinyata a asibiti, kuma ban da ciwon baya, babban abin da ta fito da shi daga aikin nan shi ne karatun kwandon shara. Mara lafiya zai kalli tsabar idon likita ya ce ya sha maganinsa, mai jinya ta rantse ya cinye abincinsa tas. Yaya kuwa jira take yi. Sai an watse ta ɗaga murfin kwandon da ke gindin gado, ta tarar da ƙwayoyin a ƙudundune cikin takarda, shinkafar kuma an juye ta an rufe da ɓawon lemo. Tun a lokacin ta yanke hukunci, ba ta kuma taɓa sake shi ba: bakin mutum yana ƙarya, sharar mutum ba ta yi.

Da ta yi ritaya ta ajiye tsintsiya da safar hannu, amma ilimin ya biyo ta gida. Inda ya fi sauka kuwa shi ne gidan ƙanenta, Auta, mai gyaran wutar lantarki, domin a can mahaifinsu yake zaune tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Baba tsohon kafinta ne, ya haura saba'in, ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Yaya ta so ƙwarai ya zauna a wurinta, amma ita a hawa na uku take, shi kuma ya ce ƙafarsa ta gama da matakala. Haka ta haƙura ta bar shi a hannun matar Auta, malamar firamare, wadda shekararta bakwai a gidan amma har yau Yaya ba ta kiranta da komai sai Amarya. Ba wai ta taɓa kama ta da wani laifi ba ne. Kawai dai matar ta cika fara'a, Yaya kuwa ta ga masu fara'a da yawa a bakin gadon asibiti.

Duk Asabar sai ta zo, kuma tsarin zuwan ba ya canzawa. Za ta leƙa ɗakin Baba ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina kwana? Ya jiki?" Kafin ya gama haɗa alhamdu lillahi ta miƙe, don ta san abin da zai ce, kuma ta san baki ne. Sai ta zauna a falo, ta ciro ayaba ɗaya daga jakarta, ta ɓare ta cinye, ta nufi bayan kicin da ɓawon a hannu. Ayabar nan ba don marmari take sayenta ba, hujjar zuwa wurin kwando ce kawai.

A can take samun cikakken rahoto. Ɓawon ƙwai bakwai, wato Baba yana samun ƙwansa kullum. Gwangwanin madara biyu. Ledar burodi. Fiye da komai kuma, katin maganin hawan jini, an ɓalle ƙwayoyinsa duka, ramuka goma sha huɗu, safe da yamma. Sai ta mayar da murfi ta wanke hannu, ranta ya yi fari har wata Asabar. Shekara uku ana haka. Auta ya daɗe da ganewa, a bayan idonta Sifeto yake kiranta, a gabanta kuwa bai isa ba.

Sai wata Asabar ta ɗaga murfi ta ga sharar ba ta kai rabi ba. Ta ce ko mai kwasa ne ya zo da wuri. Asabar ta gaba, 'yan tarkace ne kawai a gindi, babu ɓawon ƙwai, babu gwangwani. Ta uku kuwa, kwandon nan fes yake, an wanke shi har yana ƙamshin sabulu. Tana tsaye ta yi turus da ɓawon ayaba a hannu sai ga Amarya ta fito tana murmushin nan nata.

"Yaya, kawo nan. Ai ba a ciki muke zubawa ba yanzu."

Ta karɓe ɓawon ta jefa a wani bokiti mai murfi, ta danne.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Ɓawon ayaba ma yanzu ajiya ake yi masa?"

"Taki muke yi da shi. Kin tuna da damina ruwa ya shigo mana har kicin? Da aka buɗe kwata, ledojinmu ne suka toshe ta, namu na gidan nan, har da tambarin shagon da muke saye. Ga shi kullum ina tsaye gaban yara ina ce musu a rage shara. Wallahi kunya ta kama ni, Yaya. Shi ne na ce bari mu gwada mu gani."

Yaya ta ce, "Allah Ya taimaka." A ranta kuwa cewa ta yi, da walakin goro a miya. Mutum ba ya wanke kwandon shara da sabulu sai in akwai abin da ba ya so a karanta. Tana hanyar komawa gida tana jujjuya maganar, abu ɗaya ya tsaya mata a wuya. An ji, ɓawon ƙwai ya tafi taki. Katin magani fa? Shi ma ruɓewa yake yi?

Ranar Litinin ta fara bincike. Ta soma da mai shagon bakin layinsu Auta, ta sayi ashana don kada a ce tambaya ce ta kawo ta.

"Matar ƙanena dai tana zuwa ko?"

"Malama? Tana zuwa, amma ta zama abin kallo. Da robobinta take zuwa, da kwalbar mai, da wata jakar yadi. In na miƙa mata leda sai ta ja da baya kamar na miƙa mata kunama."

"Madarar gwangwani fa, tana saye?"

Mai shago ya ɗaga kai yana tunani. "Kai, rabon da ta sayi gwangwani a nan an fi wata biyu."

Yaya ba ta tsaya ta tambaya ko akwai wata madarar da ake aunawa a zuba wa mutum a kwalbarsa ba, don ta riga ta sami abin da ta zo nema. Ta tsallaka wurin mai kemis. Shi ma ya ce gaskiya tun watan jiya Malama ba ta karɓi maganin tsoho a wurinsa ba, har yana shirin tambaya ko lafiya. Tana fitowa ta ci karo da mai kwasar shara yana tura kurarsa, shi kuwa ko tambayarsa ba ta gama ba ya ɗauka.

"Gidan mai wuta? Hajiya, ni na daina ƙwanƙwasa musu. Sati guda cur, abin da za su ba ni bai cika tafin hannu ba. Shekarata goma sha biyar a sana'ar nan, gidan da ake ci ake sha ba ya rasa shara. Ni dai ban ce komai ba."

Wannan ita ce maganar da ta fi shigar ta, domin ta fito daga bakin ɗan'uwa a ilimi.

Daga nan shagon Auta ta wuce. Ta same shi a kan benci, ya kwance cikin wata fanka, wayoyi ja da baƙi sun barbazu a gabansa. Ta zayyana masa komai, mai shago, mai kemis, mai kura. Auta ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi kuskuren da ya fi kowane girma, ya fashe da dariya.

"Haba Yaya! Yanzu har mai shara kika je kika yi wa tambayoyi? Magani a asibiti muke karɓowa yanzu, na wata uku a kwalba ɗaya. Ki je ki tambayi Baban mana, ai yana da baki."

"Baki!" in ji Yaya. "Baba da ko wuƙa aka sa masa a wuya alhamdu lillahi zai ce? Kai dai an gama da kai. Fita kake tun safe sai magariba, me ka sani?"

"Na san abincin da nake ci a gidana."

"Naka na tambaya?"

Ta figi jakarta ta fita. Dariyar nan ta Auta ta ƙona mata rai fiye da zagi, kuma a wurinta ta zama ƙarin shaida.

Asabar ta gaba ta ƙare wa Baba kallo da idon asibiti. Ya faɗa, babu shakka, wandonsa har ya yi masa yawa a ƙugu. Akwai filasta a babban yatsansa na hagu. Ƙarƙashin faratansa baƙi ƙirin, mutumin da tun da ya bar aiki hannunsa ya yi laushi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya buɗe baki zai yi magana, ita kuwa hawaye ne ke neman kuɓuce mata, sai ta miƙe ta fita da sauri. Ranar ko ayabar ba ta ɓare ba.

A satin nan ta gyara ɗakin da ɗanta ya bari da ya yi aure. Ta sayi sabuwar katifa, ta sa labule mai kauri, ta jawo talabijin daga falo ta kafa a gaban gado. Ta ajiye ƙaramin kwandon shara mai murfi a gindin gadon, daidai inda hannu zai kai. Matakala kuwa ba matsala ba ce, maƙwabta biyu majiya ƙarfi za su hau da shi a kujera sau ɗaya, shi ke nan, me zai sauko yi? Ta san in ta ɗauke Baba ta wannan hanya, ita da Auta sai dai gaisuwar hanya, wataƙila har abada. Abin ya dame ta, don ita ta goye Auta, amma ta ce uba ɗaya gare ta.

Ta zaɓi Laraba da hantsi, lokacin da Auta yake shago, Amarya kuma tana makaranta. Ta ɗauki shatar tasi ta ce wa direban ya jira a ƙofa, tsoho za su ɗauko da akwati ɗaya. Ta tura ƙofa a hankali. Ɗakin Baba babu kowa, an gyara gado. Sai ta ji wani sauti daga bayan gida, ƙarar shebur yana shiga ƙasa mai danshi.

Rabonta da wuce kwandon shara ta leƙa filin bayan gidan ta manta. Da can tsofaffin tayoyi ne da karyayyun kujeru. Yanzu wasu akwatunan katako uku ne a jere a jikin katanga, an haɗa su tsaf da ƙusa, kowanne da murfinsa. Tayoyin an cika su da ƙasa, tumatir da barkono da alayyafo sun yi kore shar a ciki. Kwalabe wankakku an kife su a kan wani tebur suna shan rana. A tsakiyar wannan duka ga Baba, daga shi sai singileti da wando a naɗe, gumi na bin wuyansa, yana juya ruɓaɓɓen ɓawon lemo da na albasa da shebur.

Gani ya kori ji. Yaya ta saki salati da ƙarfi.

"Baba! Kai ne a cikin juji? Ajiye shebur ɗin nan!"

Bai juyo ba sai da ta ƙaraso ta kama hannunsa. Kafin ya ce wani abu ƙofar kicin ta buɗe, Amarya ta fito da almakashi da wani tsohon wandon Auta da take yankawa za ta ɗinka jaka. Ashe makarantu suna hutun tsakiyar zango, abin da Sifeto ba ta bincika ba ke nan.

"Yaya! Sannu da zuwa, yau a Laraba?"

Yaya ta cika ta yi fam, kuma ba ta tauna maganar ba kafin ta fitar.

"Riƙe sannunki. Wannan ne rage sharar? Kin hana tsoho madara, kin yanke masa magani, kin wanke kwando don kada a gani, sannan kin mayar da shi ɗan aikinki yana kwasar ƙazanta? Ubanki za ki sa wannan aikin? Yau zan tafi da shi, mota na waje."

Murmushin Amarya ya ɗauke, karo na farko a shekara bakwai. Ta koma kicin ta buɗe kabad gaba ɗaya, ta tsaya a gefe. Kwalabe ne a jere, kowace an manna mata takarda: shinkafa, wake, sukari, garin madara, ganyen shayi. Ga kwandon ƙwai. Ta ɗauko wata farar kwalba mai tambarin asibiti ta ajiye a kan tebur da ƙarfi.

"Ga maganin. Ga madarar. Shekara uku ina wanke masa kaya, ina tashi in dafa masa nasa daban ba gishiri. Ban taɓa neman ki gode mini ba, Yaya. Amma ubana da kika ambata, yana kabari, da yana raye da na so a riƙe shi yadda na riƙe Baba."

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Amma shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce. Yaya ta ɗaga kwalbar ta girgiza, ta ji ƙwayoyi suna kaɗawa.

"Kwalba cike ai ba shaida ba ce. Ni wanda aka sha nake nema. Ina alamar wanda aka sha?"

"Yana cikina," in ji Baba.

Ya jingina shebur da katanga, ya wanke hannu a bokiti, ya jawo wani ɗan benci sabon haɗi ya zauna. Da ma shi ba mai gaggawar magana ba ne. Uwata yake kiran Yaya, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Uwata, wa ya ce miki sa ni aka yi? Yarinyar nan ta zo tana neman wanda zai haɗa mata akwatin taki, har ta kira wani kafinta. Kafinta, a gidan da nake! Na ce in ya taka ƙofar nan sai na bar gidan. Da ƙyar ta ba ni guduma, tana ta Baba jininka, Baba gwiwarka. Ranar da na buga ƙusar farko na daki yatsana, na yi dariya har da hawaye. Shekara tara rabon da wani ya ce mini, Baba, yi mana kaza."

"Amma ka rame."

"Tumbi ne ya tafi. Likita har hannu ya ba ni." Ya dube ta. "To, a gidan naki me zan riƙa yi?"

"Hutawa za ka yi. Na sa maka katifa, ga talabijin, ga..." Sai ta katse maganar, don abu na gaba a lissafin shi ne ƙaramin kwando mai murfi.

"In kwanta ke nan in jira."

Daga waje mai tasi ya danna hon sau biyu. Babu wanda ya motsa. Amarya tana bakin ƙofar kicin tana share ido da ƙafar wandon da ta yanka.

"Ba zan bi ki ba," in ji Baba. "Kuma za ki ba yarinyar nan haƙuri, ba yau kaɗai ba, sai ranar da ta ce ta haƙura. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Tagar ɗakina tana kallon bayan kicin, kin sani? Shekara uku ina ganinki duk Asabar. Ni ki ba ni minti ɗaya, a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Kwando kuwa ki ba shi minti goma, har da sunkuyawa. Sau nawa ina cewa yau zan gaya wa Uwata kaza, kafin in haɗa baki kin tafi wurin wanda kika fi yarda da shi. Har kishin kwandon nan na yi."

Ya faɗe ta da sigar wasa, amma babu wanda ya yi dariya. Kunya ta rufe Yaya tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban manyan likitoci. Ita da ta zo ƙwatar ubanta daga hannun mai wulaƙanta shi, ga shi an nuna mata ko wace ce.

Ta juya wurin Amarya. "Ki yafe mini," ta ce. Amarya ta kalle ta, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ta shige kicin ta fara mayar da kwalabenta. Yaya ta san wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Hon ya sake tashi, wannan karon dogo. Ta fita ta sallami mai tasi, yana ta mita an ɓata masa lokaci, ta dawo. Baba yana nan a kan bencinsa, ya matsa gefe ya bar wuri. Ta ajiye jaka a ƙasa, ta zauna a hagunsa, kafaɗarta na taɓa tasa. Tana kallon tumatir ɗin cikin taya, ta yi magana a hankali.

"Baba, ya jikin naka? Tsakani da Allah."

Bai amsa ba. Yana ta kallon akwatunansa. Ta ɗauka fushi ne, ta sake maimaitawa, har ta taɓa gwiwarsa. Sai ya juyo ya ga bakinta yana motsi.

"Magana kike yi? Zagayo ta dama, Uwata. Kunnen nan na hagu ya mutu tun bara."